Makiyayin Jarkoki

A bakin wani lungu a Ajilari akwai wani dattijo dogo, siriri kamar sandar da ke kafaɗarsa. Daga tsayuwarsa ka san tsohon makiyayi ne. Garkensa na yanzu kuwa jarkoki ne da ya yanka ya jera a gindin katanga: ruwa a ƙasa, shuka a sama, tsumma a tsakani yana tsotso ruwan. Kiwo ba zuwa rafi!

Ga alayyahu, ga na'a-na'a, sai tumatir ɗaya tak da ya nuna. Wallahi kallon da yake masa ko amarya ba ta samu ba. Har fito yake masa kamar ɗan maraƙi.

Sai ga akuyar maƙwabciya ta miƙo wuya. Tsoho ya daka tsalle ya rungume jarkar tumatirin, hula ta yi nata wuri.

"Ya Kellu! Ku riƙa ɗaure dabbobinku mana! Ba kwa tausayin manomi?"

Maƙwabciyar ta leƙo. "Baba Abakar, yau kai ne manomi? Bari mutanen Konduga su ji, waɗanda shanunka suka cinye wa gero!"

Yana dariya yana shafa tumatirinsa.

"Shanu daban ne, Ya Kellu. Su sai sun yi sallama!"