Dariyar da Noreen Pascoe Ta Gane

Shekara talatin da ɗaya Noreen Pascoe ta yi a ofishin tarho na Melbourne, tun zamanin da sai mace ta haɗa maka layi da hannu kafin ka ji muryar ɗan'uwanka. Fuska takan ɓace mata, amma murya, ko tari ka yi mata sau ɗaya ta riƙe ka ke nan. Ba ta yi aure ba. Da ta ajiye aiki, wani ƙaramin gidan rediyon unguwa a St Kilda ya ba ta minti goma duk Asabar da hantsi, tana sharhin tsofaffin finafinai.

Wata rana a 1994, Clive Danaher, mai gabatar da shirin, ya miƙo mata kaset.

"Ga na wannan makon, uwar kunnuwa. Labarin 'yan fashi ne, shirme zalla. Ki yi haƙuri ki saurari kiɗan."

Gaskiyarsa. Fim ɗin na 1961 ne, 'yan wasan kamar itace, bindigogin kamar na roba. Amma an ɗauki rabinsa a wani gidan kiɗan jaz na gaske, da makaɗa da 'yan kallo na gaske. Da mai busa Lenny Voss ya ɗaga ƙahonsa, Noreen ta ajiye shayinta. Yana tsakiyar busa, sai wani daga teburin kusa da ganguna ya yi dariya, gajeriya, mai ƙarewa da shaƙuwa.

Ta mayar da kaset baya sau huɗu.

Tana da shekara ashirin da ɗaya ta taɓa haɗa kira daga wannan gidan kiɗa zuwa unguwar Fitzroy, ta ɗan daɗe a kan layin, abin da doka ta hana. Ta ji ana cewa, "Mai ƙahon nan bakinsa ya yi yawa. A bari ya gama musu fim ɗin tukuna." Sai wannan dariyar. Bayan mako biyu aka tsamo Lenny Voss daga kogin Yarra, aka ce giya ce ta jefa shi. Tsoron kora ya sa ta yi gum.

Ranar Asabar ta yabi kiɗan yadda ya kamata, ta ce Voss yana busa kamar mai sallama da duniya. Sai bakinta ya kuɓuce.

"Akwai mai dariya a minti na arba'in. Na san muryar nan. Na taɓa jin ta a waya."

Clive ya tuntsire. "Tsohon saurayi ke nan!"

Ranar Litinin da azahar aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Dattijo ne tsaf-tsaf, da hula da sanda, riƙe da kwalin kek mai kwakwa.

"Malama Pascoe? Sunana Ray Gilfoyle. Ban taɓa rasa shirinki ba."

Tun daga kalmar farko ta gane shi: mai dariyar nan ne. Ya shigo ba a ce masa bismillah ba, ya zauna a kujerarta, ya duba ƙofar baya, ya tambaya ko ita kaɗai ce a gidan.

"Kin ce kin san wata murya. A shekarunmu, ai kunne ma yakan yi wa mutum ƙarya, ko?"

"Yakan yi," in ji Noreen.

"Madalla. Lenny yaron kirki ne, sai dai bai iya ruwa ba." Ya yanka mata kek da wuƙar aljihunsa, ya tsaya har ta ci. "Mako mai zuwa ki yi mana na barkwanci. Matata tana so."

Na barkwancin ta yi, da wanda ya biyo baya. Duk Asabar in ta fito, Gilfoyle yana zaune a benci tsallaken titi, ya ɗaga mata hula. Clive ya yi ta tsokanarta da shi, ita ko murmushi ba ta yi.

Shekara uku ana haka, sai bencin ya zama wayam. Ta ga sanarwar rasuwar Gilfoyle a jarida, ta sa rigar sanyinta ta tafi ofishin 'yan sanda. Wata sajan ta rubuta komai cikin ladabi, sannan ta ajiye biro.

"Uwa, yanzu wa ya rage da za mu tambaya?"

Noreen ta daɗe tana tunani, ba ta samo ko mutum ɗaya ba.