Ranar Da Mato Ya Rufe Ido

A shekarun da gwamnati ta naɗe tabarmarta daga Legas ta nufo Abuja, Mato direba na cikin waɗanda suka ɗauko ta a mota. Kujeru, tebura, akwatunan ƙarfe, har da tukwanen fulawar wani oga, duk shi ya yi jigilarsu. Ya sauke a Garki, ya juya, ya sake ɗaukowa. Matarsa Batulu da 'yarsu ƙarama Yusra ya ajiye su a ɗakin haya a Tungan Maje, kusa da titi, don ya riƙa leƙa su in zai wuce.

Barci kuwa, Mato ya ɗauke shi abokin gaba. Da shayi mai kauri yake yaƙarsa, madara da sukari har cokali ya nemi tsayawa, sai lemon kwalba, sai ƙwayar ciwon jiki da yake watsawa baki kamar gyaɗa. A hankali jikinsa ya koyi wata dabara marar daɗin gani: yakan yi barci ido buɗe. Da tsakar rana za ka same shi a tashar Zuba, jingine da taya, yana kallonka tar. Ka yi sallama, shiru, sai minshari. Masu talla suka daina bi ta gabansa. Batulu ma tana tsoron abin, ta dai saba ne.

Sai ya fara cika. Tumbi ya fito, fuska ta yi suntum, takalmi ya ƙi shiga. Mutanenmu dai ka san su, kowa ya gan shi sai ya ce Abuja ta karɓe shi, har da masu neman ya sa musu albarka. Yusra ce ta gano wani wasa: ta danna yatsa a ƙaurinsa, rami ya zauna kamar a ƙullin alkama, ta yi ta dariya.

Ranar da ya yi amai a kan sitiyari aka kai shi asibiti. Likita ya ce hanta ta tara kitse, ƙoda kuma ta gaji.

"Kana shan giya?"

"Ni? Ko warinta ban sani ba."

"To rashin barci da zaƙi da ƙwayar nan sun yi maka aikinta. Ka ajiye mota, ka yi barci, ko mu sami abin da za mu ceto."

Ya ajiye motar. Amma barcin da ya daɗe yana kora ya yi zuciya. Ya kwanta, idanu na kan silin, ƙafar dama na neman birki. Batulu ta yi rubutu, ta yi tofi, ta zubar da sukarin gidan. Babu abin da take roƙo sai ta ga fatar idon nan ta sauka.

Wata Talata bayan azahar ta dawo daga ɗebo ruwa, ta leƙa ɗaki, ta ga idanun a rufe ruf. Daɗi ya kusa kayar da ita. Ta fita da sanɗa, ta roƙi maƙwabciyarsu Christina ta kashe injin markaɗe, ta kora kaji, ta zauna bakin ƙofa tana gadin barcin mijinta. Gidan ya yi tsit har aka kira la'asar.

Yusra ta zo ta raɓa jikinta. Batulu ta ce mata a hankali, "Kin ga Baba ya rufe ido yau."

"Ni na rufe masa, Umma," in ji yarinyar. "Ƙuda ne ya sauka a kai, bai ƙifta ba."