Jijiyar da Aka Kashe

Abin ya zo bi da bi. Da farko maigidana ya faɗi a gonar auduga a Pitowa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Daga baya ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ya ƙi. Gwiwar hannun ta lanƙwashe ta manne a ƙirji, yatsu suka dunƙule, farce ya shige tafi har ya yi miki mai wari. Ko ruwan alwala ba ya ratsawa.

Yayansa ya kawo wanzami. Suka danne shi a tabarma suna ɓare yatsun da ƙarfi, yana ihu. Da suka saki, hannun ya ƙara tamkewa.

Sai na kai shi lopital, wato asibiti, a Garwa, Yaya ya biyo mu. Likita ya yi bayani da Faransanci, ma'aikaciyar jinya ta juya mana: akwai jijiyar da ke sa naman hannun ɗaurewa, za a nemo ta da allura a kashe ta da magani.

A bakinmu jijiya ɗaya ce, da mai kai jini da mai kai saƙo. Yaya ya ɗauka ta jini ce.

"Ke, a kashe jijiya, hannu ya bushe kamar karan dawa? Ba dai na ƙanena ba."

"Yaya, ba ta jini ba ce."

"Yaushe kika zama dokta?"

"Ranar da ka zama wanzami. Ka taɓa sunsuna tafin nan? Ni ke wanke shi."

Maigida ya ja harshensa da ƙyar, ya ce, "Hannuna ne. A yi."

Aka yi. Gwiwar ta fara sauka, sannan yatsu suka saki. Na yanke farce, na wanke mikin, ya warke. Ƙarfi bai dawo ba, kuma likita bai taɓa cewa zai dawo ba. Amma Yaya ya bi kasuwa yana faɗa wa mutane na kai ƙanensa an kashe masa hannu.

Wata Juma'a ya shigo ya tarar da maigida ya gama alwala, ruwa na ɗiga tsakanin yatsu. Maigida ya tallafo hannun daman da na hagu, ya miƙa masa su gaisa. Yaya ya dubi hannun, ya cusa nasa a aljihu.

Tabarmar da na ɗauko masa na mayar ɗaki. Har yau in ya zo, a tsaye yake gaisuwa.