Kek ɗin Janbako

Abu ɗaya ƙanwata ta roƙe ni da aka sa ranar aurenta. Ni na goye ta bayan rasuwar mahaifiyarmu, sai da aka yi mini aure a Talatar Mafara ta koma hannun Gwaggo, yayar babanmu, a Janbako. Ta kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa kamar mai roƙon gafara.

"Yaya, ba ni son komi. Kek dai nika so, irin wanda nika gani cikin waya. In tsaya gabanai in gan shi da idona."

Ba ni da gado ko katifar da zan kai mata. Abin da hannuna ya iya shi ne gudummawata, sai na ce ta sa a ranta ta samu.

Ƙananan kek na saba yi, na sayarwa a ƙofar gida. Mai hawa uku kuwa ban taɓa gwadawa ba. Tanderuna tukunya ce da yashi a gindi, garwashi sama da ƙasa. Na farko ya ƙone, na biyu cikinsa ya faɗa. Na zauna gaban murhu na yi kuka mai isata, sannan na sake fasa ƙwai. Ana gobe tafiya na samu ukun da nake so.

Ranar kamu, da idar da sallar asuba na hau yi wa kek ɗin ado, don bazara ce, rana na ɗagawa bota zai zama miya. Maigidana mahauci ne, shi ya feƙe mini tsinkunan tsire sababbi na soke hawa-hawan don kada su zame. Na shafe kek ɗin da farin aisin, wato haɗin bota da sukari, na yanke bakin leda na matso furanni ruwan hoda ɗaya bayan ɗaya. Da na ja baya na dube shi, wallahi ni kaina ban yarda ni na yi ba. Na ɗauko waya in ɗauki hoto, ashe ta mutu, kwana biyu ba wuta. Na ce ba komai, a can a ɗauka.

A tasha direba ya ce in sa kwalin kek ɗin a but, bayan mota, inda aka ɗaure akuya. Na ce masa ko gawata ba za ta shiga wurin nan ba. Na kama gidan gaba, kwali a cinya, ƙanƙara a buhu a ƙarƙashinsa. Mota ta ƙi cika, ni kuwa na san bayan la'asar ba direban da ke yarda ya bi hanyar nan. Ƙanƙara na narkewa, zanena ya jiƙe sharkaf, ina ta kallon rana kamar in riƙe ta.

Da ƙyar ta cika muka tashi. Da muka sauka daga kwalta, kowane rami sai na ɗaga kwalin sama, in bar jikina ya sha dukan.

"Malam direba, don Allah sannu."

"Hajiya, in na tai sannu nan za mu kwana. Jinjiri na ciki?"

"Ya hi jinjiri."

Ban san adadin salatin da na yi ba. Kafaɗuna suka mutu, ban sauke ba. A bakin gari motar ta tsaya don ranar kasuwa ce, shanu sun tare hanya. Na naɗa gammo na ɗora kwalin a ka, na taka har gida a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono.

A ɗakin Gwaggo na buɗe, don ya fi ko'ina sanyi. Fure biyu ne kawai suka kwanta. Na yi hamdala har da hawaye. Amarya ba ta nan, ta ɓuya gidan ƙawarta kamar yadda ake yi ranar kamu. Zumuɗi bai bar ni na aika ba, na gaida Gwaggo a tsaitsaye na fita ɗauko ta da kaina. Ban ce kada a taɓa ba. Ko kusa bai zo mini a rai ba, ni da na tashi a gidan nan na san duk abin ci da ya shigo gidan biki, babbar gida ke raba shi nan take, kowa ya samu albarka.

Ƙawaye suka ja mini rai kafin su sake ta. Da muka shigo, Gwaggo na zaune a tabarma da wuƙa, kwanoni jere a gabanta, tsinkunan tsire a gefe guda.

"Kin ga na raba kamin shi narke," in ji ta, fuskarta cike da fara'a. "An kai gidan liman, an kai ma surukai, maƙwabta duk sun samu. Allah shi yi maki albarka, ɗiyata. Amma itacen ga da kinka cusa ciki, na mine ne?"

Na buɗe baki, abin da ya taso mini ba na faɗa wa yayar uba ba ne. Na haɗiye shi na ce amin.

Gwaggo ta miƙa wa amarya nata rabon a murfin kwano. Ta karɓa da hannu biyu, da lallenta ɗanye, ta yi godiya. Ta ja ni bayan rumbu muka zauna a ƙasa. Na kasa kallonta. Ta daɗe tana duban ɗan yankan nan ba ta ci ba.

"Yaya, hwaɗa mani yadda yake."

Na faɗa mata, tun daga hawan ƙasa har na sama, da farinsa, da inda kowane fure ya zauna. Tana saurare idonta a rufe, hawaye na bin kumatunta. Da na gama ta ce in sake daga farko, kada in yi sauri. Na sake.