Hoton Yaya Habu a Ƙofar Shagon Waya

Shekara bakwai ke nan da aka kashe yayana, Kofur Habu, a bakin daga can gabas. Can aka binne shi. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Abin da ya iso gidanmu a Gagarawa akwatin ƙarfe ne da takalminsa.

Ranar 'yancin kai a wurinsa ba wasa ba ce. In ta same shi a gida, sai ya jera mu a tsakar gida mu yi fareti, har da akuyar Inna in ta yarda. Wanda ya yi dariya ya yi tsallen kwaɗo, kuma kullum ni ce mai tsallen. In an gama ya kira sunayen abokansa da suka rasu ɗaya bayan ɗaya, mu yi musu addu'a. Yau fa? Ranar ta koma ta garabasa. Kore da fari a jikin katin waya, a jikin lemo, har a ledar omo. Ana bikin duniya ake na ƙiyama, amma na ƙiyamar ba mai waiwayarsa.

Bara, satin bikin, na je kasuwar Maigatari. Ina ɗaga kai sai ga Yaya Habu a ƙofar wani shagon waya, a jikin ƙaton ƙyallen talla, cikin kaki, yana murmushin nan nasa, an zagaye shi da hotunan wayoyi. Ko sunansa babu. Na tambayi mai shagon wa ya ba shi hoton. Ya ce mai bugawa ne ya tsinto a intanet, ai soja ne kawai. Soja ne kawai! Abin da na faɗa masa ba na jarida ba ne. Na ce kafin kasuwa ta zagayo ya sauke, ko in sauke da kaina.

Na san da Yaya na nan dariya zai fara yi. Zai ce sun rasa hoton da za su ɗauka sai wanda hularsa ta karkace. Amma na san bayan dariyar zai tambaya ina hoton sauran abokansa.

Tsorona ɗaya, kar Inna ta ji. Ta kuwa ji, wurin matan unguwa. Maimakon kuka, sai ta ɗauki mayafi ta ce in kai ta. Na yi faɗa, na yi magiya, a banza.

Shi ne ɗanta na fari. Tun da nake ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido a gaban mutane ba, saboda alkunya. Ranar ta tsaya a tsallaken titi, manyan motoci na wucewa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta tsallaka.

Mai shagon ya ce, “Inna, kin san shi ne?”

Ta ce, “Ɗan gidanmu ne. In kun gama da ƙyallen, me kuke yi da shi?”

“Janareto muke rufewa.”

“To, kar ka rufe. Ka ba ni.”

Bai jira bikin ya wuce ba. Nan take ya hau tsani ya kwance, ya naɗe da hannunsa, kansa a ƙasa. Ni wulaƙanci na gani a jikin ƙyallen nan, kuma har gobe ban sauya ba: wanda ya ba da ransa ba kayan talla ba ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar da ba ta da kabarin da za ta ce na ɗanta ne, ita ɗanta ta gani.

Na sa almakashi na yanke wayoyin, sai guda da ta hau kafaɗarsa, dole na bar ta. Me ya rage na Yaya Habu bayan shekara bakwai? A ƙasar nan ban sani ba, ban kuma ga alama ba. A gidanmu dai ƙannenmu sun ɗauki jerin sunayen nan, sun ƙara nasa a kai. Inna kuwa ta kafa hoton a bayan ƙofar ɗakinta, inda ba a ganinsa sai an rufe. Da ba ta rufe ƙofa da rana. Yanzu tana rufewa.