Lemun Tsamin Belarmino Mai Aski

Da askin tumaki Belarmino Oyarzo ya fara. Tun yana saurayi ya baro tsibirin Chiloé ya gangaro garin Punta Arenas, can kudu mai tsananin sanyi, ya yi ta bin garkuna yana aske ulu har bayansa ya gaza. Sai ya kama ɗan shago a unguwarsu ya koma askin mutane. Yakan ce tumaki sun fi sauƙin sha'ani, don ba wadda ta taɓa neman madubi.

Lemun tsamin kuwa ba shi ya nemo ba. Ƙanwar matarsa ce ta zo da dashen daga arewa a gwangwanin fenti. Matarsa, Clorinda, ta zaga gidan kaf ba ta ga inda rana ke shiga sosai ba.

"Tsoho, tafi da shi shago. Tagarka ce ke kallon rana."

"Ni mai aski ne ko mai lambu?"

"Kai dai ɗauka."

Ya ɗauka yana gunaguni. A garin da iska ke tanƙwara manyan itatuwa, ba wanda ya yi zaton dashen zai ga wata shekara. Amininsa Nicanor, mai kamun ƙaguwa, ba ya zama a kujera bai tsokane shi ba.

"Maƙwabci, yaushe za mu sha lemon nan? Ko sai jikokina sun yi furfura?"

"Daina motsi, kar in haɗa da kunnenka."

Sannu a hankali abin ya shiga ransa. Butar da yake ɗumama ruwan aski, da ita yake ba dashen ruwa mai ɗumi-ɗumi. In hunturu ya kama, rana ta gajarce, sai ya ja tukunyar dashen kusa da murhu, da hantsi ya maida ita taga. Da itacen ya fara fure, ƙamshi ya cika shagon, amma furannin suka zube ba ɗa ko ɗaya. Wani da ya zo aski ya ce ai ƙudan zuma ne babu. Belarmino ya samo ɗan burushi mai laushi, ya riƙa bin furannin ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, masu jiran layi na dariya.

Ranar da lemo na farko ya nuna, Nicanor ya kawo ƙaguwa, Clorinda ta dafa. Nicanor ya matsa lemon a kai, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.

"Tsami kamar mai shi."

Amma sai da ya ƙara.

Wata Lahadi cikin sanyi, shago a rufe, iska ta fasa gilashin tagar. Kafin labari ya iso ga Belarmino dusar ƙanƙara ta kwanta a kan itacen. Ganye ya bi ya kakkaɓe, rassa suka yi baƙi. Belarmino ya sa almakashi ya datse duk abin da ya mutu, har ya zama sanda tsirara, ya ci gaba da ba shi ruwa. Ko Nicanor bai yi tsokana ba a watannin nan. Da ɗumi ya dawo, toho ya ɓullo ƙasa-ƙasa.

Shekaru suka ja, hannun Belarmino ya soma rawa, ya ga gara ya ajiye aska tun bai yanki wani ba. A lokacin itacen ya fi shi tsawo, an sauya masa tukunya zuwa rabin ganga, ƙofar shagon kuma ta yi masa kaɗan. Wanda ya ba shi hayar shagon ya ce a sare. Belarmino ya aika wa mutanensa.

Da safiyar Asabar tsofaffin abokan cinikinsa suka taru. Suka cire ƙofar har da katakon gefenta, suka naɗe itacen da barguna, suka ɗora a motar Nicanor ta ɗaukar kifi. Belarmino ya hau baya ya rungume gangar har gida.

Clorinda ta riga ta fitar da kujerun falo, ta sa an fasa bango an yi babbar taga.

"Baƙi fa, a ina za su zauna?" ya tambaye ta.

"A kicin, inda suka saba."

Yanzu a falon yake wuni. In maƙwabciya ta aiko neman lemo don mura, shi da kansa yake zaɓa, kuma ba ya yarda a tsinka da hannu, sai da almakashi.