Shekara Bakwai da Aka Yanke wa Kawu Abukari

Kawu Abukari yayan mahaifiyata ne, direban tasi a unguwar Bronx, kuma ranar haihuwarsa biyu ce. Ta gaskiya a 1945 take, a Zangon Kumasi. Ta fasfo kuwa 1952, wadda wani dillalin biza ya ƙaga masa a Accra lokacin da zai taho, wai ba a ba wanda ya manyanta biza. Ban taɓa ganin dillalin nan ba, amma har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Shekara ashirin da biyar Kawu yana bayan sitiyari. Babban titin Grand Concourse ya san shi kamar tsakar gidansu. Bai taɓa tsallake haraji ba, takardun suna jere a gwangwanin biskit ƙarƙashin gado. Ga tsabta, ga kyauta, ga taurin kai na fitar hankali.

A 2014 ya fara bugun madubin motocin mutane da tasinsa. Ni aikina kula da tsofaffi a gidajensu, na san ba ganganci ba ne. Da ƙyar na ja shi wurin likitar ido. Ta ce hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Sai magani kullum, da aiki a idon hagu. Kawu ba shi da inshora.

Medicare, inshorar da gwamnati ke ba tsofaffi, sai mutum ya cika sittin da biyar. A jiki Kawu ya kai sittin da tara. A takarda sittin da biyu.

"Saura shekara uku, Rafi'a," ya ce. "Zan jira."

Na ce ido ba ya jira. Na yi masa bayanin Medicaid ta masu ƙaramin ƙarfi, da sabuwar inshorar da gwamnati ke rage wa mutum kuɗinta, waɗanda ba ruwansu da sittin da biyar. Har na samo wata mata a cibiyar unguwa da za ta cika masa takardun kyauta. Ya duba gurbin ranar haihuwa, ya ture takardar.

"In sun je sun check file ɗina fa? Su ƙwace paper ɗin zama, su sa ni a jirgi da tsufana?"

"Kawu, wannan date ɗin ne a kan license ɗinka! Shi kake sawa a tax kowace shekara!"

Bai saurare ni ba, saboda Alhaji Shitu ya riga ni. Alhaji Shitu mai shagon atamfa ne a unguwar Morrisania, bai taɓa cika takarda da hannunsa ba, amma a ƙofar masallaci shi ne lauya, shi ne likita. Shi ya gaya wa Kawu cewa duk wanda ya roƙi taimako sai an tono asalinsa, amma Medicare guminka ne, ba mai tambayarka komai. Dattawa suka gyaɗa kai. Ni kuwa mace ce, 'yar ƙanwa, me na sani?

Na yi faɗa, na yi kuka, na kai ƙara Kumasi ta waya. A banza. Kawu ya koma ɗiga ruwan zuma a ido. A 2015 ya ajiye mota. Shekara ta zagayo, ni nake riƙe masa hannu mu tsallaka titin da ya yi shekara ashirin da biyar yana tuƙi a kai.

A 2017 takarda ta yarda ya tsufa. Na yi masa rajista, kati ya zo. Washegari muka koma wurin likitar. Ta haska idon dama, ta haska na hagu, ta ajiye fitilar a hankali, ta ce babu sauran abin da za a ceto.

A jirgin ƙasa, muna komawa gida, ya ciro katin daga aljihu yana shafa shi da babban yatsa. Ya kai shi dab da fuskarsa, ya juya bayansa, sannan ya miƙo mini.

"Rafi'a, duba min. Sun rubuta sunana daidai?"